Bolar bayan layi da hayaƙin 'yan gwangwan: wa za a kama?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah masu ilimin lafiya a taimaka min da shawara. Akwai wani tsohon kududdufi a bayan layinmu da aka cike da shara, shekara da shekaru kowa nan yake zubarwa. To tun bara wasu samari 'yan jari-bola suka kafa rumfa a gefensa. Da la'asar sai su tara wayoyin wuta su cinna musu taya don su fitar da jan ƙarfen ciki, wani lokacin kuma ka ga suna fasa batirin mota da gatari suna tsiyayar da ruwan a ƙasa. Hayaƙin baƙi ƙirin, in iska ta juyo ko shanya ba a isa a bari a igiya ba. Yaran layin kuma can suke wuni. Maigidana ya ce wari ne kawai, a rufe taga shi ke nan. Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya. Bayan tari da mura akwai wata illa?

Abba Gardama: Wa alaikumus salam. Anti, wa ya tashi a birni bai yi wasa a bola ba? Mu da muka riƙa tonon murafen kwalba da langa-langa, ga mu nan garau. Yaran yanzu ne aka mayar kamar ƙwai.

Malama Zainab: Abba, bolar da ka yi wasa a cikinta da ta yau ba ɗaya ba ce. Taka toka ce da ɓawon gyaɗa da kashin awaki da tsumma. Ta yau akwai batirin mota, batirin sola, matattun wayoyin hannu, allunan cikin rediyo da kwamfuta, dogayen ƙwayayen lantarki, gwangwanayen fenti. Maman Khalifa, ni malamar ilimin sinadarai ce, kuma abin da zan ce miki shi ne warin shi ne mafi sauƙi a cikin matsalarki. Abin da ke wari ruɓewa yake yi, wata rana zai ƙare. Ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyom da zaiba ba sa ruɓewa, ba sa wari, wuta kuma ba ta cinye su. In an ƙona waya, robar ce take tafiya a hayaƙi, ƙarfen mai guba wani ya bi hayaƙin ya sauka a rufin gidaje da tsakar gida, wani ya zauna cikin toka. Batirin mota kuwa fiye da rabin nauyinsa dalma ce. Wannan garin mai toka-toka da ke zuba idan an fasa shi, in ya bushe ya zama ƙura, shi ne abin tsoro. Rufe taga ba ya maganinsa, domin a tafin ƙafar yara da takalmansu yake shigowa.

Abba Gardama: To Malama in guba ce haka, ina gawarwakin? Su samarin da ke fasa batirin da hannunsu ai da tuni an yi musu sallah.

Dakta Bashir: Abba, tambayarka ita ce take sa cutar nan ta daɗe ba a gane ta ba. Dalma ba kasafai take kashewa nan take ba. Babba in ya haɗiyi ƙurar, kaɗan ne hanjinsa yake tsotsa. Ƙaramin yaro yana tsotsar ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba zai tsotsa, kuma shi ne mai rarrafe, mai sa yatsa a baki, mai ɗaukar ƙosai ya faɗi ƙasa ya kaɗe ya cinye. In yaron yana da ƙarancin jini ko ba ya samun abinci mai gina jiki, jikinsa ya fi karɓarta, don yana ɗaukar dalmar ne ta hanyar da yake ɗaukar sinadaran gina ƙashi da jini.

Inda take ɓarna shi ne ƙwaƙwalwar da ke kan girma. Yaro ya yi jinkirin magana, ya kasa zama wuri ɗaya, a kai shi makaranta karatu ya ƙi shiga, a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne ko mara ji. Wani sai yawan ciwon ciki da maƙarƙashiya da rashin cin abinci. Sai ta yi yawa ƙwarai ake ganin amai da jijjiga da suma. Manyan da kake cewa suna garau, nasu yana zuwa ne daga baya: hawan jini, ciwon ƙoda, matsalar haihuwa. Wa zai haɗa hawan jinin ɗan shekara arba'in da batirin da ya fasa yana saurayi?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ma'aunin dalma a jini da za a kira lafiya lau. Daga maikirogiram 5 (maikirogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram) a kowane desilita, wato kashi ɗaya cikin goma na lita, na jini ake so a tashi a nemo inda yaro yake samunta. Rahoton da UNICEF da ƙungiyar Pure Earth suka fitar a 2020 ya ƙiyasta yaro ɗaya cikin uku a duniya, kusan miliyan 800, ya kai wannan ma'aunin ko ya wuce.

Nasiru Anka: Abba kana neman gawarwaki, to ka zo Zamfara a nuna maka maƙabartu. A 2010 ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, Sunke, 'Yargalma, Tungar Guru, aka wayi gari yara suna ta jijjiga suna mutuwa. An ce sanƙarau ne, an ce zazzaɓin cizon sauro ne, an ce iska ce, an yi rubutu an yi hayaƙi. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura cewa maganin zazzaɓi ba ya aiki, aka tura jini waje, aka gano gubar dalma ce. Yara sama da 400 suka rasu. Dutsen zinare ake kawowa gida, a niƙa shi a injin niƙa irin na hatsi, a shanya garin a tsakar gida, mata suna daka yara suna wasa a gefe. Ba wari, ba hayaƙi. Ƙura kawai.

Abin da nake so mutanen zaure su riƙe daga labarinmu shi ne yadda aka yi maganin. Ba a fara ba yaro magani sai an gyara gidansu, don in ka wanke masa jini ka mayar da shi cikin ƙurar aikin banza ka yi. Gida-gida aka bi, a fitar da kaya, a kankare saman ƙasar tsakar gida da ta ɗakuna da fatanya da shebur, a zuba a buhu a kai rami na musamman a binne, a kawo sabuwar ƙasa a shimfiɗa. Bagega da ta fi girma sai 2013 aka yi nata, bayan an yi ta kiraye-kiraye kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin. Duk da haka a 2015 aka sake maimaitawa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Abba Gardama: Allah ya jiƙansu. Amma Malam Nasiru wannan haƙar zinare ce, ita kuma Anti maganar bola take yi. Kada a haɗa.

Malama Zainab: To ga na batir. A unguwar Ngagne Diaw da ke Thiaroye-sur-Mer a gefen Dakar ta Senegal, mutane sun shekara da shekaru suna fasa tsofaffin batura a fili suna narka dalmar. Da farashinta ya tashi sai mata suka fara kwasar ƙasar wurin suna kaiwa gida suna tankaɗewa don su tsinci ɓarɓashin su sayar. Daga ƙarshen 2007 zuwa farkon 2008 yara 18 suka mutu a unguwar. In kuma bola tsantsa kake so, akwai Dandora, babbar bolar Nairobi. A 2007 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa aka gwada yara 328 da ke zaune kusa da ita, kusan rabinsu dalmar jininsu ta haura ƙa'ida.

Hajiya Umma: Innalillahi. Ni dama na daɗe ina cewa 'yan jari-bolan nan annoba ne. Ga satar murafen kwalbati, ga kwance wayar wuta, yanzu kuma ga guba. A kore su kawai, kamar yadda aka hana su yawo a Abuja.

Alhaji Sani Gwangwan: Hajiya, a yi hattara da jam'i. Ni wannan sana'ar ce ta aurar da ni, ta kai ni Makka, kuma yara da dama suna ci a ƙarƙashina. Ɓarawo ɓarawo ne ko a wace sana'a. Yaron da ya tashi da asuba ya rataya buhu, ya ɗauki maganaɗisu yana bin juji har rana ta take, ba shi ya ƙera batirin ba, ba shi ya sayo ba, ba shi ya jefar ba. Batirin solar da ya mutu a gidanki, wa kika kira ya ɗauka? Mu. Kuma har ciniki kika yi. In ba don yaran nan ba da ƙarafan nan suna cikin magudanar ruwanku.

Ba na musun cewa ƙona waya ba kyau. Ni kaina in na tsaya kusa ƙirjina yana ɗaurewa. Shi ya sa nake sa yarana su sha madara da yamma ta wanke musu ciki.

Dakta Bashir: Alhaji, Allah ya saka da alheri kan madarar, abinci ce mai kyau, su ci gaba da sha. Amma ba ta wanke dalma. Wadda ta shiga jini takan yi kamar wata guda tana zagayawa, ragowar ta tafi ta kwanta a ƙashi da haƙora, can kuma sai ta shekara ashirin ko fiye. Shi ya sa yarinyar da ta tashi a irin wannan wurin, ranar da ta yi ciki ƙashinta yana sakin sinadarin gina ƙashi don jariri, dalmar ma ta biyo, ta ratsa mahaifa. Abin da ya fi madara amfani ga yaranka: kada su ci abinci a wurin aikin, su wanke hannu da sabulu kafin ci, su tuɓe kayan aiki da takalma a can, su yi wanka kafin su ɗauki ƙannensu ko 'ya'yansu. Kayan aikin kuma kada a haɗa su da wankin gida.

Hajiya Umma: Alhaji ban ce kai ɓarawo ba ne. Amma neman halalinka bai ba ka damar shaƙa wa 'ya'yan mutane hayaƙi ba. Ku je bayan gari.

Alhaji Sani Gwangwan: Bayan garin muka je ai, Hajiya. Wurin da nake yanzu da na zo gonaki ne ko'ina. Gari ne ya biyo mu, aka yanka filaye har jikin katangata, yanzu kuma a ce mu muka shigo unguwa.

Mubarak Nima: Salamu alaikum, daga Accra nake bin ku. Maganar kora ta sa na ce bari in sa baki, don mu mun ga yadda take ƙarewa. Duk wanda ya san Agbogbloshie kafin 2021 ya san abin da nake nufi: fili ne a bakin kogin Odaw kusa da tafkin Korle, ƙasarsa baƙa wuluk, ana fasa firiji da talabijin da kwamfuta da guduma, samari, yawancinsu 'yan arewacin Ghana, suna juya dunƙulen waya a wuta da dogon ƙarfe. 'Yan mata suna bin su da ruwan leda, su saya su sha, su kashe wutar da ragowar. Shanu da awaki suna kiwo a kan tokar. A gefe kuma kasuwar albasa da doya, inda rabin gari yake sayen cefane. A 2013 an sa wurin cikin jerin wurare goma mafiya gurɓata a duniya. A 2019 aka gwada ƙwan kajin da ke kiwo a wurin aka samu guba mai yawan gaske, ko da yake waccan ta hayaƙin roba ce, ba ƙarfe ba.

A farkon Yulin 2021 gwamnati ta kawo katafila ta rushe wurin, aka mayar da 'yan albasa Adjen Kotoku. An yi ta tafi. To ina samarin suka tafi? Sana'ar ba ta mutu ba, warwatsewa ta yi. Wasu suka koma lungunan unguwar Old Fadama, wasu bayan gidaje, ana ƙonawa da dare kusa da inda yara ke kwana. Ƙasar wurin kuma katafila ba ta cire mata komai ba, ture rumfuna kawai ta yi. Don haka Hajiya, da girmamawa, kora kaɗai raba gubar take yi wa unguwanni.

Hajiya Umma: To ɗana sai a zuba musu ido ke nan?

Mubarak Nima: A'a Hajiya. A ba su wuri guda nesa da gidaje, a daɓe shi da siminti, a hana wuta, a kawo injin feɗe waya. An gwada irin injin a Agbogbloshie tun kafin rushewar. Matsalarsa ƙananan wayoyi masu siririn gashi, su ne ba sa feɗuwa da sauƙi, su ake komawa a ƙona.

Malam Habu Manomi: Ni tawa tambayar daban ce, kuma ta fi taɓa kowa a zauren nan, don ko ba ka zaune kusa da bola kana cin abin da muka noma. Tun kakanninmu takin birni ake kai wa gona. Da rani jakuna su shiga Kano da itace da kara, su fito da mangala cike da taki, haka aka riƙe gonakin kewayen birni suna ba da amfani kowace shekara ba hutu. Yanzu tifa ce take kawowa daga bola, mu biya, a juye a gona, mu tsince leda da kwalba mu cinna musu wuta, mu baza sauran. Da tsadar takin zamani wallahi ba don shi ba da yawa sun bar noma. Kuma in ka ga masarar da aka sa wa takin bola sai ka rantse da ita. Yanzu Malama kina nufin guba muke bazawa?

Malama Zainab: Baba Habu, ya danganta da bolar da aka kwaso. Takin da jakuna suka riƙa ɗauka toka ne da kashin dabbobi da sharar tsakar gida, wannan har gobe alheri ne ga ƙasa. Na tifa kuwa ka duba da kyau in an juye: za ka ga ƙananan baturan tocila da suka fashe, baƙin garinsu ya zuba, ga fasassun ƙwayayen lantarki, ga gutsattsarin allon rediyo. Ledar da kake tsincewa ita ce mai sauƙi, don ana ganinta.

Shuka kuma ba ta nuna alama, ta yi kore shar alhali ta ɗauka. Amma ba duka suke ɗauka daidai ba. Masu ganye su ne kan gaba: alayyafo, latas, kabeji, su suka fi jan kadmiyom daga ƙasa. Masu saiwa irin karas suna zuwa da ƙasa manne a jiki. Hatsi irin masara da dawa da gero ƙwayarsu ta fi tsira, ban da shinkafa, ita tana tara kadmiyom. A yankin Toyama na Japan ruwan ma'adinai ne ya shiga gonakin shinkafa, mutane, musamman mata, suka kamu da ciwon ƙoda da laushin ƙashi har yana karyewa da kansa. Dalma ita ba ta cika hawa cikin shuka ba, ta fi zama a ƙurar da ke kan ganyen, shi ya sa wanke ganye sosai da ruwa mai tsabta yake rage ta. Kadmiyom da ya shiga cikin ganyen kuwa wanki ba ya fitar da shi.

In da ni ce kai, takin bolar cikin gari ba zai je fadamar kayan miya ba sam. Kuma ka daina ƙona ledar a cikin gonar.

Malam Habu Manomi: To ai 'yan lambun bakin Jakara da Getsi sun fi ni laifi ke nan, su da ruwan kwatar gari da na masana'antun Bompai suke ban ruwa.

Malama Zainab: Ba laifi nake rabawa ba Baba, amma ruwan nan an daɗe ana bincike a kansa a jami'o'inmu, da na Challawa da Sharaɗa inda majemun zamani suke. Su da sinadarin kuromiyom suke jima, kuma ruwan da ba a tace ba in ya fito da shi yake fitowa. Manomin ba shi ya zuba ba, ruwan da ya samu da rani ke nan.

Issoufou Maraɗi: Gaisuwa ga mutanen zaure daga Nijar. Tun da an zo kan abinci, ku ƙara da tukwanen da maƙera ke zubawa. Nan wajenmu, kuma na san haka yake can wajenku, tsofaffin ƙarafan injin mota da gwangwanaye da duk abin da ya yi kama da alminiyom ake narkawa a zuba a ƙasa ya fito tukunya. An yi bincike a Kamaru a kan irinsu aka ga wasu suna sakin dalma cikin abinci, musamman mai tsami. To miyar yakuwa da tsamiya da tumatir fa? Kowane gidan biki da su ake dafuwa. Sai kuma kwalli da ake ranbaɗa wa jarirai.

Dakta Bashir: Kwallin dutse mai ƙyalli ɗin nan, asalinsa ma'adinin dalma ne. An taɓa samun wani jariri ɗan asalin Najeriya a Boston ta Amurka da dalma a jini, da aka bi diddigi kwallin da ake sa masa ne, aka auna aka ga fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Ba ta ido take shiga ba sosai, yaron ne yake murza ido ya kai hannu baki.

Hajiya Umma: Kai Likita! Yanzu kuma har kwalli? Ku bar mana wani abu mana.

Mai kula da zaure: Jama'a a dawo kan bola. Maganar kwalli da tukwane a buɗe mata nata zaren, don na ga za ta yi tsawo. Kuma masu turo hotunan yara marasa lafiya a daina, na goge guda biyu.

Maman Khalifa: Na gode ƙwarai. Dakta, ni yanzu me zan yi a aikace? Ƙaramin nawa shekararsa biyu, ga shi da cin ƙasa. Tashi daga gidan ba zai yiwu ba, namu ne na gado. Kuma rijiyarmu ba ta da nisa da wurin, amma muna tafasa ruwan sha.

Dakta Bashir: Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, ba ta cire ƙarfe. In ma ruwan ya ƙone ya ragu, abin da ke ciki ƙara kauri yake yi. A kai ruwan rijiyar a auna, sashen ilimin sinadarai na jami'a ko ɗakin gwajin hukumar ruwa suna iya yi. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kada dalma ta wuce maikirogiram 10 a lita. Kafin nan ruwan sha da na girki da na dama kunun yaro a samo daga wani wuri.

Shi kuma yaron, ki kai shi asibitin koyarwa ko babban asibiti wurin likitan yara, ki faɗa masa ƙarara cewa ana fasa batir kusa da gidanku kuma yaron yana cin ƙasa, kina son a auna dalma a jininsa. Sai kin faɗa, don ba ya cikin gwajin da ake yi yau da kullum, kuma ba kowane ɗakin gwaji ne yake da na'urar ba, wani lokacin sai an tura jinin wani gari. A duba masa ƙarancin jini ma, don cin ƙasa sau da yawa alamarsa ce. Akwai maganin da ke kamo dalmar ya fitar da ita ta fitsari, amma sai ta kai wajen maikirogiram 45 a kowane desilita na jini ake ba yaro, kuma a ƙarƙashin kulawar likita. Kada wani mai kemis ko mai maganin gargajiya ya sayar miki da wani abu da sunan wankin jini. Ƙasa da wannan ma'aunin maganin shi ne raba yaro da ƙurar da kuma abinci: wake, ƙwai, kifi, hanta in an samu, zogale, nono, lemo.

A gida kuma: shara da busasshiyar tsintsiya tayar da ƙurar take yi, a yayyafa ruwa tukuna, ɗaki a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Takalma su tsaya a zaure. A shimfiɗa masa tabarma, kada a zaunar da shi a turɓaya. In da hali a daɓe tsakar gidan. Kaji da awaki kuma kada a sake su su je kiwo can.

Abba Gardama: Duk na ji, kuma ban ƙi ba. Amma fisabilillahi talakan da ke neman na masara ina ya ga kuɗin auna jini da auna rijiya da siminti? Wannan aikin hukuma ne. Muna da NESREA, hukumar tarayya mai tilasta bin dokokin muhalli, tun 2007, kowace jiha da ma'aikatar muhalli da hukumar kwashe shara. Sai a bar mace ɗaya da tsumma tana yaƙi da bola?

Alhaji Sani Gwangwan: Nan kam na bi bayanka Abba. Amma akwai abin da ba sai an jira gwamnati ba. Maman Khalifa, ki sa maigidan ya tara dattawan layin su sami mai unguwa, amma kada a fara da 'yan sanda. A tambayi yaran wa suke kai wa kaya. Kowane ɗan jari-bola yana da ubangida mai sikeli, shi ne yake ba shi jari, maganarsa kuma ita yake ji. A kira shi. Mu a wajenmu wayar da aka feɗe da wuƙa jan ƙarfenta yana ƙyalli ta fi ƙonanniya daraja a kilo, gaggawa ce take sa su ƙonawa. Batir kuma babu dalilin fasa shi a unguwa, a dunƙulensa ake saye, a loda a mota a yi kudu da shi. Ruwan suke zubarwa don mai saye ba ya biyan kuɗin nauyin ruwa. In ubangidan ya ce ba ya karɓar fasasshe, gobe za a daina.

Malama Zainab: Wannan shawara ce mai kyau Alhaji, kuma daga bakinka ta fi tasiri. Sai dai kudun da ake kaiwa ma mutane ne a can. A ƙarshen 2025 binciken 'yan jarida ya fito da yadda masana'antun narka batir a Ogijo ta jihar Ogun suka baɗe garin da ƙurar dalma, aka auna jinin mazauna aka samu da yawansu, har da yara, ya haura ƙa'ida, sai da hukuma ta rufe wasu. Ga shi kuma kowane gida yanzu sola ake sawa, baturan nan kuwa 'yan shekaru suke yi su mutu.

Alhaji Sani Gwangwan: Wannan kuma ya fi ƙarfina Malama. Ni iyakata bakin tirela.

Nasiru Anka: Abu ɗaya kada a manta in an yi nasara sun tashi. Wurin da suka yi aikin ba a gama da shi ba. Mutane za su ga fili ya samu, wani ya ce a kafa rumfar islamiyya, wata ta fara suyar awara. A kewaye shi tukuna. Daidai inda aka fasa batir da inda aka yi ta ƙonawa a jiƙa shi da ruwa, a kankare saman, masu aikin su rufe hanci da baki, a zuba a buhuna a ɗaure, a nemi ma'aikatar muhalli ta faɗi inda za a binne nesa da rijiyoyi, sannan a rufe wurin da sabuwar ƙasa ko a daɓe. Kada a bari mai tifa ya zo ya ce zai kwashe kyauta.

Malam Habu Manomi: Wallahi kuwa, don na san inda zai kai ta. Gonata zai kawo, ya ce min taki ne mai kyau, in biya shi har da na mai.